Daga Elmina Zuwa Duwatsun Kazaure: Ganuwa, Hasumiya da Batun Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake kai baƙi ziyara a tsofaffin gine-ginen tsaro na bakin teku a ƙasar Gana, sannan ta waiwayo gida ta dubi namu: ganuwa, ƙofa, hasumiya da duwatsun da aka riƙa hangen abokan gaba daga kansu. An ɗauki yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓabura a matsayin misali, domin a ƙarni na 19 bakin daga ne. Ra'ayin takardar shi ne, abin da ya fi dacewa mu kwaikwaya daga bakin teku shi ne mai ba da labari, kuma ginin ƙasa ba ya tsayuwa sai da yaɓe a kai a kai.

Gabatarwa

 

Idan aka ambaci yawon buɗe ido a wuraren tarihi na Afirka ta Yamma, hankali yakan tafi bakin teku: Elmina da Cape Coast a Gana, tsibirin Gore a Senigal, Badagiri a Jihar Legas. Mu a nan Gwiwa teku ta yi mana nisa, har wani zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma waɗancan gine-gine don tsaro da ciniki aka yi su, kuma kakanninmu ma sun yi nasu gine-ginen don tsaro da ciniki. Bambancin shi ne, nasu ana biyan kuɗi a shiga a gani, namu kuwa ana haƙar ƙasarsu ana buga bulo. Dalilin wannan bambanci nake son mu duba.

Abin da baƙo ke tararwa a bakin teku

Turawan Fotugal ne suka gina Elmina a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su tun farko, cinikin bayi ya biyo baya. A 1637 Turawan Holan suka ƙwace ginin. Dabarar da suka yi ita ce, suka hau da igwa kan wani tudu da ke fuskantarsa, suka yi ta ruwan wuta daga sama har na ciki suka miƙa wuya. Da suka shiga, sai suka gina wata ƙaramar ganuwa a kan wannan tudu don kada wani ya yi musu abin da suka yi wa wasu. Tana nan har yau, kuma daga kanta ake ganin garin da jiragen masunta gaba ɗaya. A 1872 wurin ya koma hannun Ingila, kuma a ciki aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Na Cape Coast kuwa Turawan Siwidin ne suka fara shi a 1653, daga baya ya zama mazaunin mulkin Ingilishi har zuwa 1877 da aka mayar da hedikwata Akara. A 1979 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Wannan duk yana cikin littafi. Abin da ba ya cikin littafi shi ne yadda ɗan rakiya yake tafiyar da baƙi. Zai shiga da ku kurkukun maza da ke ƙarƙashin ginin Cape Coast, ɗaki mai zafi da warin danshi, hasken da ke shiga ta 'yar kafa ce can sama. Zai nuna muku daɓen, ya ce abin da kuke takawa ba dutse ba ne zalla, dattin mutanen da aka tsare ne ya daskare a kai. Zai ce a kashe fitila na ɗan lokaci. Sai ya nuna sama ya ce, a bisa kanku majami'a take, a nan masu ginin suke ibada. Daga nan a bi ta wani lungu zuwa ƙofar da suke kira ƙofar da ba a komowa, a buɗe, sai ga teku. Ba ya ɗaga murya, ba ya ƙara gishiri, amma da wuya ka ga wanda ya fito yana hira. Shugaban Amurka Barack Obama ya bi wannan hanya a 2009, kuma a 2019 gwamnatin Gana ta yi shekara guda tana gayyatar jikokin bayi su zo ganin gida.

Kada mu ɗauka labarin na wasu ne. Fatakenmu sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja sayen goro, kuma kasuwar Salaga da suke sauka, kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 an fitar da da yawansu ta Ikko da Badagiri da Wida zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, aka kuma same su cikin boren Musulmi na 1835. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, kuma da su aka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a Elmina bai tsaya a bayan labarin ba. Yana cikinsa, wani lokaci a matsayin wanda aka sayar, wani lokaci mai sayarwa, wani lokaci kuma soja mai gadin ƙofa.

Namu gine-ginen

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Gwamna Lugga, bayan sojojinsa sun ci birnin a ranar 3 ga Fabrairu 1903, ya ba da rahoton cewa tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40. Ba bango kawai ba ne. Daga waje akwai gwalalo mai zurfi da sarƙaƙiya, daga ciki akwai badala inda 'yan baka suke tsayawa. Ƙofa kuwa an yi ta da ƙunci da lungu, ta yadda mahaya ba za su shigo a jere ba, ƙyaurenta na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, kuma kowace tana da Sarkin Ƙofa mai rufewa da dare ya buɗe da asuba. An bar fili mai yawa a ciki don noma, saboda idan an kewaye gari kada yunwa ta ci shi kafin maƙiyi. Dala da Gwauron Dutse suna cikin ganuwa, kuma duk wanda ya hau Dala ya ga inda idonsa ke kaiwa ya san amfanin da suka yi.

A Katsina akwai Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Tsayinta wajen mita 15 ne. Hasumiyar masallaci ce kuma wurin karatu, amma an yi amfani da ita wajen hangen ƙurar mahara. Ita ce ta fi kusa da abin da ake nufi da hasumiyar tsaro a ƙasar Hausa. Akwai ganuwar Zazzau da ake jingina wa Sarauniya Amina, akwai Surame ta Kanta Sarkin Kabi da aka gina da dutse a ƙarni na 16, akwai Birnin Damagaram. Ba zan tsaya a kansu ba, masana sun yi rubutu mai yawa.

Sai dai a lura, daga cikin duk waɗannan babu wanda ya shiga jerin UNESCO na dindindin a Nijeriya. Biyu ne kawai ƙasar ke da su, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Osogbo tun 2005. Ganuwar Kano da Surame suna jerin jiran tsammani tun 2007. A Nijar kuwa tsohon garin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, ya shiga a 2013.

Bakin daga: Kazaure da kewayenta

A nan nake son in daɗe, domin nan ne gida.

Ɗantunku ya kafa Kazaure wajen 1819, a wani yanki da aka yanko daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura. A wannan shekara Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. To a dubi inda wannan ƙaramar masarauta ta sami kanta. A kudu ga Kano da aka gama faɗa da ita. A arewa ga sarakunan Haɓe na Daura da suka koma Zango da Ɓaure, a bayansu kuma ga Damagaram, wadda a zamanin Tanimu ɗan Sulaimanu ta kai ga ƙera igwa a cikin Birnin Zinder. A arewa maso yamma ga Maraɗi, inda Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa sansani suna kawo hari. A gabas ga Gumel, wadda take bin Barno. Ɓabura kuwa, wadda yau take cikin masarautar Ringim, a lokacin garin iyaka ne na ƙasar Kano da ke fuskantar arewa. Har ƙarshen ƙarnin ba a huta ba, domin a zamanin Sarkin Kano Alu, Ahmadu Kuran Daga na Damagaram ya kawo yaƙi har cikin ƙasar Kano.

Mutanen da ke zaune a irin wannan wuri ba su da sukunin gina abin ado. Tsaronsu ya dogara ne ga abu uku da ke aiki tare. Akwai garin da aka kewaye da ganuwar ƙasa da gwalalo. Akwai ƙauyen da ƙarfinsa bai kai ba, sai ya yi kafi na itace da ƙaya. Sannan akwai dutse. Duwatsun Kazaure da na Roni su ne hasumiyoyin wannan ƙasa, Allah ne ya gina su, mutane suka ɗora musu ido. Mai tsaro a kan dutse yana ganin ƙurar dawaki tun daga nesa, musamman da rani, lokacin da aka kawar da amfanin gona, wanda kuma shi ne lokacin hari. Sai a buga kuge ko ganga, na gona su yar da fartanya, a koro dabbobi, mata da yara su shige gari, a rufe ƙofa. Tsarin ribaɗi da Muhammadu Bello ya ƙarfafa, wanda shi da kansa ya zauna a na Wurno har ya rasu a can a 1837, a kan wannan tunani aka gina shi: a zaunar da jama'a a garuruwan iyaka, suna noma, suna karatu, suna gadi.

Wannan yana da muhimmanci ga mai tunanin kawo baƙi. A Elmina gini ɗaya ne, ka shiga ta ƙofa ka fita ta ƙofa, cikin awa ɗaya ka gama. A nan abin kallon a warwatse yake cikin ƙasa. Abin da yakan rage daga ganuwar ƙaramin gari shi ne wani dogon tudu da ya ratsa gonaki, gefensa da ɗan kwari inda ruwa ke kwanciya da damina, wani lokaci da kuka ko tsamiya a inda ƙofa take. Wanda bai sani ba zai taka ya wuce. Manomin da ke wurin kuwa ya sani sarai, zai ce maka nan bakin ganuwa ne, can kufai ne, kuma garmarsa takan tono katanga da guntayen tama. Idan ba a haɗa baƙo da irin wannan mutum ba, babu abin da zai gani sai gero.

Dutse da ƙasa

Gine-ginen bakin teku da dutse da tubalin wuta da farar ƙasa aka yi su. Ko an yi watsi da su shekara hamsin, za a dawo a tarar da abin gyarawa. Namu ba haka ba ne. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana tana ruɓa, a cura tubali mai kama da ƙwai, a shanya, a jera shi kansa a sama, a bi da yaɓe, a rufe da makuba ko laso don ruwa ya zame. Rufi kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Gini ne mai ƙarfi da sanyi, amma yana da sharaɗi: duk bayan damina sai an duba inda ruwa ya ci an toshe. A da sarki ne yake sa a yi gayya, kowace unguwa da kowane gari da nasu yankin ganuwar, Sarkin Magina yana duba aiki. Da Turawa suka ci ƙasa, hari ya ƙare, sai dalilin gayyar ya ƙare, ganuwa ta shiga narkewa. Abin da ruwa ya bari, mutane suka ƙarasa. Wanda ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga a Kano ya ga yadda gine-gine suka hau inda badala take, aka cike kududdufan da ke gefenta.

Maganin da hukumomi suka fi saurin kawowa shi ne siminti. A rushe tsohuwar ƙofa don faɗaɗa titi, a gina sabuwa da kankare, a shafa mata jan fenti, a rubuta tsohon sunan. A ganina wannan ba adanawa ba ne, alama ce kawai ta inda abu ya taɓa kasancewa. Na san uzurin da ake bayarwa, kuma ba na raina shi: motar kashe gobara ba za ta shiga ƙofar da aka yi don jaki da doki ba. Amma ana iya ratsa titi ta gefe a bar tsohuwar a tsaye. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ma illa ne, domin yana riƙe danshi a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya zube gaba ɗaya.

Akwai inda aka gane wannan. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe shi, yara na ɗebo ruwa, samari na hawa da kwandunan laka, magina na gyara. Ranar yaɓen ta zama biki, har ita kanta take jawo baƙi. Ke nan aikin da ke tsayar da ginin shi ne kuma abin kallon. Mu da muke da al'adar gayya tun kaka da kakanni ba mu da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinmu. Doka ma tana nan, domin tun 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa. Sai dai ma'aikaci daga Abuja ba zai zo ya toshe zaizayar tudun da ke gonar wani a Korayel ba.

Wane ne baƙon?

Idan ana maganar yawon buɗe ido, sai a riƙa hasashen Bature da kyamara. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, matsalar tsaro a arewa maso yamma ta sa irin wannan baƙo ya yi ƙaranci ko a hawan salla na Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Wanda ya gina shirinsa a kan zuwan Bature zai daɗe yana jira.

Baƙon da ke kusa shi ne ɗan makarantar sakandare a Gwiwa da Roni da 'Yankwashi, da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ɗan asalin yankin da ke zaune a Kano ko Abuja ya kawo 'ya'yansa gida da salla. Akwai kuma matafiyin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura don ganin rijiyar Kusugu, wanda dole ya ratsa Kazaure. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, wato kusan kan layin dagar da muke magana. Idan ya fara aiki, mutum zai iya hawa dutse a Kazaure da safe, ya hau Gobarau da yamma, washegari ya ji ɗaya ɓangaren labarin daga bakin Maraɗawa. Amma irin wannan babban aiki yana cin ƙasa da tsakuwa, kuma mai tuƙa katafila ba ya bambanta tudun ganuwa da tudun banza sai an nuna masa.

Sai kuma batun abin da za a gaya wa baƙon. Abin da ya ba Elmina ƙarfi shi ne ba a ɓoye muni. Mu kuwa mun saba da tarihin kirari: wane ya ci gari kaza, wane bai taɓa gudu ba. Harin da ake kawowa wannan yanki, da wanda ake kaiwa daga nan, na kamun mutane ne da dabbobi. Akwai iyalan da aka raba, akwai waɗanda aka kai kasuwa, akwai bayin da suka yi aikin ganuwar da hannunsu. Ɗan rakiyar da ya tsallake wannan ya bar rabin labari, kuma yaran yanzu suna da waya a hannu, za su gano. Ana iya faɗin gaskiya ba tare da an tona asalin kowa ba, kuma dattawanmu sun fi kowa iya wannan.

Saboda haka roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai da ke wannan zaure, da shugabannin ƙananan hukumomin Gwiwa da Roni da Kazaure da 'Yankwashi da Ɓabura, ba na gina otal ba ne ko katafariyar ƙofa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kowane dagaci ya sa a rubuta kufai da ragowar ganuwa da dutsen tsaro da ke ƙasarsa, da sunan da mutane ke kiransa. Malaman tarihi su ɗauki ɗalibai su zauna da tsofaffi a Dabi da Buntusu da Amaryawa da Karkarna, a naɗi muryarsu, a ajiye kwafi a fada da makaranta. A hana ɗibar ƙasa a wuraren da aka rubuta. A nemo maginan gargajiya da suka rage a ba su aikin yaɓe ko da na zaure ɗaya ne a shekara, matasa suna kama musu. Ranka ya daɗe shugaban taro, a sa wannan aiki cikin ranin bana, kafin ruwa ya sauka.